Rijiya Ɗaya, Guga Dubu: Wikipedia da Binciken Na'urar Amsa Tambaya

A shekarar 2016 masu bincike a Jami'ar Stanford ta Amurka suka fitar da SQuAD, tarin tambayoyi fiye da 100,000 da aka tsamo daga maƙaloli 536 na Wikipedia ta Turanci. Aikin kwamfuta shi ne ta karanta sakin layi, ta nuna inda amsa take. A 2017 Danqi Chen da abokan aikinta suka gina DrQA, mai laluben amsa cikin maƙalolin Wikipedia sama da miliyan 5. A 2019 Google ya fito da Natural Questions, inda tambayoyin na masu neman bayani ne na haƙiƙa, amsoshin kuwa daga Wikipedia. Haka kundin Wikipedia ya zama rijiyar da kowa ke zura wa guga.

Ba banza aka yi masa wannan rububi ba. Lasisinsa ya yarje wa kowa ya kwafa kyauta, alhali jaridu da littattafai na da haƙƙin mallaka. Rubutunsa a tsare yake, da kanun magana da mahaɗai, ga shi ya taɓo kusan kowane fanni. Uwa uba, idan kowa ya gwada na'urarsa a kan matani ɗaya, sai a san wanda ya yi zarra ba tare da gardama ba.

Wannan gasa ta haifar da ci gaba cikin hanzari. A farkon 2018 na'urorin Microsoft da Alibaba suka kamo makin ɗan Adam a ɗaya daga ma'aunan SQuAD. Sai dai makin yana da lauje cikin naɗi. Waɗanda suka rubuta tambayoyin suna kallon sakin layin ne, don haka kalmomin tambaya kan yi kama da na amsa. Robin Jia da Percy Liang sun nuna a 2017 cewa cusa jimla ɗaya mai ruɗarwa ya isa ya zubar da matsakaicin makin na'urori 16 daga kashi 75 zuwa 36. Ashe da yawansu kamannin kalmomi suke bi.

Illar da ta fi damuna ita ce gadon giɓi. Abin da ba a rubuta a kundin ba, na'urar da ta dogara da shi ba ta san da zamansa ba. Kimanin ɗaya cikin biyar ne kawai na tarihin rayuwar mutane a Wikipedia ta Turanci ke magana kan mata. Harsuna ma haka: AfriQA, da aka fitar a 2023 da tambayoyi fiye da 12,000 cikin harsunan Afirka 10, har da Hausa, sai da ta koma matanin Turanci da Faransanci neman amsa, saboda ƙarancin rubutu a harsunan.

Ke nan Bahaushe na tambaya da harshensa, ana ɗebo masa amsa daga rijiyar wasu. Gyara na wuyan ɓangare biyu: masu bincike su haɗa da jaridu, littattafai da tarihin baka, mu kuma mu zauna mu rubuta namu ilimin da kyakkyawar madogara. Komai tsawon igiya, guga ba ya fito da ruwan da babu a rijiya.