Ƙari a Ƙwaƙwalwa da Ƙuncin Zuciya a Zamanin Kullen Korona

A unguwar Jabi da ke Abuja, bisa titin Ebitu Ukiwe, nan hedkwatar hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta Nijeriya take, watau NCDC, wadda tun daga ranar 27 ga Fabrairu 2020, da aka tabbatar da mutum na farko mai korona a Legas, jama'a suka zuba mata ido kowane dare suna jiran adadin waɗanda suka kamu, da waɗanda suka warke, da waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Lissafin nan ya yi amfani ƙwarai, illa dai akwai wata wahala da ba ta shiga jadawali, ita ce ƙuncin zuciyar mutanen da annoba ta tarar suna fama da wata cutar tun tuni. A cikinsu kuwa da wuya a sami wanda al'amarin ya tsananta a kansa kamar mai ƙari a ƙwaƙwalwa.

Ƙoƙon kan baligi ƙashi ne rufaffe wanda ba ya miƙewa, saboda haka duk tsiron da ya fito a cikinsa, ko na sankara ne ko ba na sankara ba, sai ya danne abin da ke maƙwabtaka da shi, daga nan ciwon kai mai tsanani da asuba, da amai, da farfaɗiya, da raunin gani ko shanyewar ɓarin jiki su biyo baya. Wanda likitoci ke kira meninjiyoma daga fatar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa yake tsirowa, galibinsa ba sankara ba ne, kuma tiyata kan raba mutum da shi. Amma giliyobilastoma, wanda ya fi kowanne sauri, binciken da aka wallafa a 2005 ya nuna cewa ko an haɗa tiyata da gashi na na'ura, watau radiotherapy, da ƙwayar temozolomide, rabin masu shi ba sa wuce kimanin wata 15.

Ƙuncin mai wannan lalura ta ƙofa uku yake shigowa. Ta farko ita ce fargabar ajali da tunanin iyali, wadda kowane marar lafiya ya sani. Ta biyu ita ce ƙarin kansa, domin gaɓar da ta kamu ita ce mazaunin hankali da ɗabi'a, har idan tsiron ya zauna a sashen goshi sai a ga dattijo mai kunya ya koma mai ɓarin baki, ko mai himma ya wuni zaune ba ruwansa da kowa. Ta uku kuwa magani ce: dexamethasone, da ake bayarwa don sace kumburi, yakan hana barci, ya kumbura fuska, ya ɗaga suga, ya jawo saurin fushi, sa'an nan ya raunana garkuwar jiki, levetiracetam na farfaɗiya shi ma an san shi da sa wasu ƙufula ba dalili.

A kan wannan hali dokar kulle ta sauka. Daga daren 30 ga Maris 2020 Shugaba Muhammadu Buhari ya rufe Abuja da Legas, ba a sassauta ba sai 4 ga Mayu. Zirga-zirga tsakanin jihohi ba ta dawo ba sai 1 ga Yuli. Jiragen ƙasashen waje kuwa, waɗanda masu hali kan bi zuwa Indiya ko Masar neman magani, sai 5 ga Satumba. Asibitoci ba a rufe su ba, Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Jabi da Asibitin Ƙasa duk suna aiki, amma tashar motar Jabi, inda baƙin jihohi ke sauka, ta yi tsit, alhali gashi ba abu ne na rana ɗaya ba: zama 30 ne cikin mako 6, Litinin zuwa Juma'a, a ɗaure kan mutum da abin rufe fuska na roba da aka ƙera daidai fuskarsa, kowa ya fita a bar shi shi kaɗai da na'ura. Na'urorin nan kaɗan ne a ƙasar, saboda haka wanda yake Lafiya ko Minna ko Lakwaja, wanda kwanakinsa da wata ake ƙirga su, wata ukun da hanya ta yi a rufe ba ƙaramin rabo ba ne daga abin da ya saura masa. Ga shi kuma an gaya masa, bisa gaskiya, cewa maganinsa ya rage masa garkuwa, sai asibitin da yake bukata ya zama wurin da ya fi tsoro.

Abin da ya fi ciwo, a ganina, shi ne yankewar dubiya. Jinya a wurinmu aikin dangi ne: mai jinya da tabarmarta a gindin gado, ga fulas ɗin kunu, ga buta, 'yan'uwa na shigowa bayan la'asar ana cewa, "Sannu Baba, ya jiki?" shi kuwa ya amsa, "Da sauƙi, alhamdu lillahi." Shari'a ta ƙidaya gaida marar lafiya cikin haƙƙoƙin Musulmi a kan ɗan'uwansa. Da annoba ta zo, asibitoci suka taƙaita masu shiga, masallatai suka rufe, azumin shekarar ya kama cikin kulle ba tarawihi a jam'i ba zaman tafsiri. Aka ce a wadatu da waya, alhali wanda ƙari ya taɓa masa sashen magana, da fuska da riƙon hannu yake fahimtar mutane, fuskar kuwa takunkumi ya rufe ta. Dukan nauyin sai ya koma kan mutum ɗaya, galibi matarsa ko 'yarsa, wadda ke kwana a farke tana tsoron farfaɗiya ta tashi cikin dokar hana fitar dare, ba wanda zai karɓe ta ko ta runtsa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a Maris 2022 cewa fargaba da ciwon baƙin ciki sun ƙaru da kashi 25 cikin 100 a shekarar farko ta annobar. Idan haka ta sami masu lafiya, ina ga wanda ƙofofin nan uku suke buɗe a kansa? Sai dai a wurinmu "da sauƙi" takan rufe komai, domin marar lafiya yana gudun a ce tawakkalinsa ya yi rauni, dangi kuma idan suka ga sauyin hali sai zato ya tafi ga sammu ko iska, a ɓata watanni kafin a je a ɗauki hoton ƙwaƙwalwa. Malamanmu na farko ba haka suka ɗauki lamarin ba. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934 Miladiyya, ya rarrabe baƙin cikin da ke da sanannen musabbabi, kamar rashi ko asara, da wanda ke faɗo wa mutum ba sanadi bayyananne, ya ce na biyun asalinsa daga jiki yake, kuma yana bukatar magani. Addu'a da haƙuri suna da matsayinsu wanda ba mai musu, amma ba a tuhumar imanin mutum saboda abin da tsiro ko ƙwaya suka haifar.

Maganin farko shi ne tambaya. Likitocin sankara suna da ma'aunin ƙunci mai sauƙi, daga 0 zuwa 10, a tambayi marar lafiya ina damuwarsa ta kai a makon nan, wanda ya ambaci 4 ko sama a zauna da shi a bincika: kuɗi ne, ko rashin barci, ko tsoro, ko ƙwayar da za a iya ragewa ko a sauya. Wannan ba ya bukatar na'ura, ta waya ma ana yin sa, kuma ya kamata a yi wa mai jinya irinsa. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairu 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta buɗe hanyar ɗaukar wannan kulawa a matsayin haƙƙi. Abin da ya rage ga masu tsara shirin annoba ta gaba shi ne su rubuta tun yanzu cewa mai ƙari a ƙwaƙwalwa yana da takardar wuce shinge zuwa wurin gashinsa, da lambar ma'aikacin jinya da zai kira da dare, da izinin mutum ɗaya daga danginsa ya zauna kusa da shi.