Kafin Ka Kunna Kamara a Unguwar Talakawa

Kara-Kara unguwa ce a Damagaram inda a da ake keɓe kutare, har yau kuma mutanen cikin gari na ɗari-ɗari da ita. Can Aïcha Macky ta ɗauki fim ɗinta mai suna Zinder, wanda ya fito a 2021. Babu ɗan wasa a cikinsa, babu labarin da aka tsara. Samarin ƙungiyoyin da ake kira pale ne da kansu, masu ɗaga ƙarfe da masu fasa-ƙwaurin fetur daga Nijeriya, suke faɗin yadda rashin aiki da ƙyama suka kai su inda suke. Wannan shi ne fim ɗin gaskiya.

Abin da ya sa suka saki jiki da ita shi ne 'yar garin ce, da Hausa take magana da su, ta kuma zauna ta saurara kafin ta ɗauka. Baƙon da ya zo da safe ya koma da yamma, bola da tsumma kawai zai tafi da su.

Mu a Adar ba sai mun je nesa neman misali ba. Sani Magori ɗan Galmi ne, nan kusa da Madawa. A 2008 ya yi fim a kan albasar garinsu, ya nuna yadda farashinta ke ɗaga auren yarinya ko ya matso da shi. Daga baya ya yi Kukan Kurciya, inda ya ɗauki wata tsohuwar zabiya har Abijan don ta lallashi mahaifinsa ya dawo gida. Duk gidan da cin rani ya taɓa a Buza ko Keita ya san wannan ciwo, amma shi mahaifinsa ya sa wa kamara, ba na wani ba. A ganina nan darajar aikin take.

Yanzu waya ta sa kowane saurayi ya zama mai ɗaukar hoto. Sai ka ga an ɗauki almajiri ko matar da mijinta ya daɗe a Libiya, an watsa a TikTok ba da saninsu ba. Wannan tonon asiri ne. Matasanmu masu sha'awar sana'ar nan, ku nemi izini, ku faɗi inda hoton zai je, in kun gama kuma ku fara nuna wa 'yan unguwar kafin kowa ya gani.