Yadda Ake Kula Da Ƙaramin Dam Na Ƙauye

A watan Agusta na 1988 aka yi ruwa mai yawa a Jihar Kano. Dam ɗin Bagauda, wanda ke ƙasar Bebeji, ya cika ya fashe. Ruwa ya kwashe gonaki da gidaje da dabbobi, an kuma yi hasarar rayuka. Dam ɗin na ƙasa ne, an gina shi zamanin Gwamna Audu Bako, wanda ya mulki Kano daga 1967 zuwa 1975. A 2006 madatsar ruwa ta Gusau ta karye. A watan Satumba na 2024 kuma dam ɗin Alau ya ɓalle, ruwa ya shiga cikin garin Maiduguri.

Waɗannan duk manya ne, masu ma'aikata. Ƙaramin dam na ƙauye kuwa sau da yawa ba shi da mai gadi ko ɗaya. Da shi ake noman rani, a shuka tumatir da albasa da tattasai da alkama. Nan dabbobi ke shan ruwa, nan ake kamun kifi. Amma da yawa na ganin kayan gwamnati ne, gyaransa sai gwamnati. Injiniya yakan zo jifa-jifa. Manomin da ke bi ta kan dam safe da yamma shi ne zai fara ganin ɓarna, in ya san abin da zai duba.

Dam na ƙasa ba siminti ba ne. Ƙasa ce mai yumɓu aka tara, aka daddanne da mota, ta zama bango ta tare ruwa. Hanya biyu ruwa ke bi ya karya irin wannan bango. Ko ya hau ta kansa, ko ya huda ta cikinsa.

Mafitar rarar ruwa

Kowane dam yana da wata hanya a gefe, wadda aka yi ta ƙasa-ƙasa da bangon. Idan dam ya cika, ta nan rarar ruwa ke fita ta koma rafi. Ita ce mafita. Muddin tana buɗe, ruwa ba zai kai kan bango ba. Idan ta toshe, ruwa zai yi ta hawa har ya tsallake bangon. Da zarar ya fara malala ta kai, sai ya riƙa cin ƙasar ta baya. Ƙaramar kwata ta zama kwari, cikin 'yan sa'o'i bango ya tsage.

Abin da ke toshe mafita ba ɓoyayye ba ne: karan dawa, rassan itace, shara, yashi, da ciyawar kachala. Akwai kuma masunta da ke kafa raga ko shinge a bakinta don kada kifi ya fita. Shingen nan yana tare shara, sharar kuma ta tare ruwa.

Mafi haɗari shi ne abin da wasu manoma ke yi da gangan. Sukan jera buhunan yashi ko duwatsu a bakin mafita, wai don dam ya ƙara ɗaukar ruwa, ya kai su ƙarshen rani. Niyyar ba muguwa ba ce, amma aikin ganganci ne. Wanda ya gina dam ya bar tazara tsakanin iyakar ruwa da kan bango. Tazarar nan ba ɓarnar wuri ba ce. An bar ta ne saboda daren da za a kwana ana ruwa, da kuma igiyar ruwa idan iska ta taso. Wanda ya ɗaga mafita da taki ɗaya ya ci taki ɗaya daga wannan tazara. Ko a babban dam na Tiga, bayan abin da ya faru a Bagauda, rage tsawon mafitar aka yi a 1992, aka haƙura da wani ɓangare na ruwan don a tsira da bangon.

Saboda haka a share mafita tun da bazara, kafin ruwan farko. A sake duba ta bayan kowane babban ruwa.

Yoyo: wanne ne na tsoro?

Kusan kowane dam na ƙasa yana ɗan tsattsafo ta baya. Wannan kaɗai ba abin tashin hankali ba ne. Abin lura shi ne launin ruwan da kuma yawansa.

Ga gwaji mai sauƙi. A sami kwalba fara mai tsabta, a ɗebi ruwan da ke fita, a ajiye ta a inuwa ta kwana. Idan da safe ruwan garau yake, babu komai a gindin kwalba, da sauƙi. Idan an ga laka ko yashi ya kwanta, to ruwan yana kwasar ƙasa daga cikin bango ke nan. Yana haƙa wa kansa hanya. Ramin yana faɗi a ɓoye, daga waje kuwa bango na nan kamar lafiya lau. Ranar da ramin ya isa, sai saman ya rufta.

A auna yawan yoyon kuma. A tara bokiti a wurin, a duba minti nawa yake ɗauka kafin ya cika. A rubuta a littafi tare da kwanan wata. Nan ne karatun yaƙi da jahilci zai yi rana. Idan bokitin da ke cika a minti 10 ya koma cika a minti 5, alhali ruwan dam bai ƙaru ba, a kai rahoto ranar, kada a jira ranar kasuwa.

Wani lokaci akan ga ruwa na ɓulɓulowa daga ƙasa a gindin bango, kamar tukunya na tafasa. Kada a cusa tsumma ko dutse a ciki. In an toshe nan zai ɓullo can. Abin da ake yi shi ne a kewaye wurin da buhunan yashi kamar bakin rijiya, ruwa ya taru a ciki, ƙarfinsa ya ragu. Sannan a aika a kira injiniya.

Wurin da ciyawa ta yi kore shar a bayan bango da tsakiyar rani, alhali ko'ina ya bushe, shi ma alama ce. Akwai danshi a ƙarƙashi.

Itatuwa da ramuka

Inuwa na da daɗi, amma ba a kan bangon dam ba. Saiwar darbejiya ko ta bagaruwa tana bin danshi har cikin bango. Idan itacen ya mutu, saiwar ta ruɓe, sai ta bar rami dogo, ruwa ya bi. Iska ma tana iya tuge itace ya tafi da ƙasa mai yawa. A cire ƙananan itatuwa tun suna tsiro. Babban itace kuwa kada a sare shi kai tsaye, sai an yi shawara da injiniya, don dole a tone saiwar a cike gurbin da yumɓu.

Abin da bango ke so shi ne gajeriyar ciyawa mai shimfiɗa, irin kiri-kiri. Tana riƙe ƙasa, ba ta kuma ɓoye ɓarna. A riƙa yanke ta, kada a sa mata wuta.

Gafiya da ɓera da gara su ma maƙiyan bango ne. Duk ramin da aka gani a tone shi har ƙarshe, a cika da yumɓu mai ɗan danshi kaɗan-kaɗan, ana yi ana kirɓawa da taɓarya. Yashi ba ya wannan aiki. Suri kuma a rushe shi tun yana ƙarami.

Shanu idan suna hawa da sauka a wuri ɗaya kullum, sukan kashe ciyawa su yi turba. Ruwan sama ya bi turbar ya zaizaye ta. Maganin wannan ba faɗa da makiyaya ba ne. A zauna da ardo a keɓe mashaya nesa da bango, a bar burtali a buɗe. Haka nan masu ɗibar ƙasar gini da masu buga bulo, a hana su haƙa a gindin bango. Noma ma kada ya matso jikinsa.

Tsaga iri biyu ce. Akwai mai bin tsawon bango, akwai mai gitta shi daga gefen ruwa zuwa baya. Duka a kai rahoto, amma ta biyun ta fi gaggawa, don ƙofa ce ta buɗe wa ruwa.

Ƙofar ban ruwa da cikar dam

Ƙofar da ake sakin ruwa zuwa lambu tana son mai, tana son motsi. A riƙa shafa mata giris, a buɗe a rufe lokaci-lokaci, ko ba a bukatar ruwa. Ƙofar da ta shekara ba a taɓa ba, ranar da ake neman ta sai a tarar ta cije. Idan za a rage ruwan dam, a rage a hankali. Saukar ruwa farat ɗaya tana sa jiƙaƙƙiyar ƙasar bango ta zame.

Laka da yashi da ke gangarowa daga gonakin sama suna cike dam shekara bayan shekara. Shuka jema ko gamba a bakin rafi da kan iyakar gonaki yana rage wannan.

Lafiyar jama'a

Bakin bango da wajen ƙofa suna da zurfi da santsi. Kada a bar yara su yi wanka a nan. Ruwan da ke kwance kuma yana tara ƙananan katantanwa masu ɗauke da cutar tsargiya. Yaron da ke fitsarin jini ba balaga ya yi ba, ciwo ne, kuma akwai maganinsa a asibiti. A hana fitsari da bayan gida a bakin ruwa, don ta nan cutar ke komawa ciki. Jarkar maganin feshi kada a wanke ta a dam.

Idan marka ta zauna

Ya kamata kowane gari mai dam ya kafa ɗan kwamiti a ƙarƙashin dagaci ko mai unguwa, da sarkin noma da sarkin ruwa da wakilin makiyaya a ciki. Su ne za su kira gayya, su riƙe littafi, su san ofishin da za a kai rahoto a ƙaramar hukuma ko hukumar kula da koguna. A kafa sanda mai zane a cikin ruwa, inda kowa zai ga hawansa. A watan Agusta da Satumba a sa matasa su riƙa kwana bi da bi da tocila.

Idan ruwa ya kusa kan bango, ko yoyo ya koma ja yana ƙaruwa, ko wani wuri ya lotsa, a sanar da ƙauyukan da ke ƙasa nan take, da waya ko babur ko lasifikar masallaci. Tun kafin ranar a sanar da kowa tudun da za a taru. A fara fitar da yara da tsofaffi da marasa lafiya. A nufi tudu ta gefe, kada a bi kwarin rafi, kada kuma a tsaya kallo a kan bango.