Notin aksul surfe yake so, ba sussuka ba

Duk macen da ta iya aikin hatsi ta san taɓarya ɗaya ce, amma bugu iri-iri ne. A wurin sussuka zage ƙarfi ake yi, domin so ake ƙwaya ta rabu da zangarniya, ba abin da zai ɓaci. Surfe kuwa sai an yayyafa ruwa, a riƙa bugu da lissafi, a tsaya a damƙo a tafin hannu a duba ko dusa ta saki. Wadda ta yi gaggawa sai ta tarar dawarta ta farfashe ta zama tsaki, kuma babu dabarar da za ta mayar da tsaki ƙwaya.

Bindigar kwance noti, wadda ke aiki da iska, taɓarya ce ta ƙarfe. Iska tana juya wata 'yar guduma a cikinta, gudumar tana dukan bakin da ya kama notin sau ɗaruruwa a minti guda. Notin tayar tifa da tsatsa ta cinye, wanda dā sai yara biyu sun zura bututu a sifana sun hau kai suna tsalle, tana kwance shi kafin a gama gaisawa. Wannan sussuka ce, kuma ba mai ƙin ta.

Motocin da ke ɗaukar nauyin ƙasar Rano da Kibiya yawanci masu ja da baya ne: Hiace, Hilux, Canter, da ragowar akori-kurar Peugeot 504, irin wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar a 1975. Su ke kwaso buhunan dawa da masara daga ƙauyuka, su faɗa taɓo da damina, su bi ta Bunkure zuwa Kano da kaya fiye da kima. Aksul ɗin baya ne ke shan wannan wahala, shi ya sa ba a rasa shi a kwance a gareji. To, a nan ne bindigar ke shiga aikin da ba nata ba.

A fara da iskar. Galibin waɗannan bindigogi an ƙera su ne su yi aiki a kan awo 90, da ma'aunin nan da mai faci ke ba tayar ƙaramar mota 30 da 'yan kai. Amma 90 ɗin a bakin bindiga ake nufi, lokacin da aka danna ta tana aiki, ba abin da allura ke nunawa a jikin tanki ba. Tanki yana iya nuna 120, siririn tiyo mai tsawo ya cinye kaso mai yawa a hanya. Sai ka ji maigida ya ɗaga murya: "Kai yaro, ƙaro iska!" Alhali gajeren tiyo mai faɗi ake bukata, da ɗigon mai a bakin bindigar, da zubar da ruwan da ke taruwa a gindin tanki, musamman da damina. Iskar da ta wuce kima bindigar kawai take kashewa.

Wasu kuma sun ɗauka idan an rage iska, an sami awo ke nan. Ba haka ba ne. Iska ɗaya, noti mai maiƙo da busasshe ba za su ɗauru daidai ba, wanda ya danna na daƙiƙa biyu da wanda ya danna na biyar ma haka. Rage iska kamar a ba mace ƙaramar taɓarya ne: in ba ta tsaya ta duba ba, tsakin dai za ta yi, sai dai ta ɗan jima.

Inda farfela ta haɗu da aksul akwai ƙaramin giya mai cizon babban giya. Yana zaune a kan boris biyu, kuma a motoci da yawa akwai wani zoben ƙarfe a tsakaninsu wanda da gangan aka yi shi don ya lotse. Ana ɗaure babban notin da ke bakin farfela, zoben yana lotsewa kaɗan-kaɗan har boris su kama daidai. Abin da ake aunawa a ƙarshe ba taurin notin ba ne, ƙarfin da ake bukata ne a juya ƙaramin giyan, kuma bai wuce abin da yatsu za su iya ba. Tarkon shi ne kafin zoben ya fara lotsewa sai an sha wuya, har mutum ya ji bindiga kawai yake so. Da ya fara kuwa, ɗan juyi ƙalilan ne tsakanin daidai da ɓarna. In an zarce, sassauta notin ba ya tayar da zoben. Sai sabo, ko da hakan na nufin a tura yaro kasuwar Ƙofar Ruwa a yini ana jira.

Ba kowa ke turawa ba. Wani sai ya sassauta notin, ya ce, "Alhaji, an gama." Bayan 'yan makonni mota ta fara kuka daga baya idan an ɗaga ƙafa daga totur, man giya ya fara tsattsafowa, a ɗora laifin a kan jabun kaya. Jabu yana nan, ba musu, amma ba shi ne ya yi wannan ba. Dukan gudumar ma kansa yana barin tabo a cikin boris, kuma in haƙoran giya ne suka tare juyin, suna iya ɓantarewa. Shi ya sa ake riƙe bakin farfela da dogon ƙarfe, a ja notin da hannu, a tsaya, a juya a ji, a ƙara ja.

In robar tare mai kaɗai za a canza, a yi wa noti da sandarsa alama da fenti kafin a kwance, a mayar da shi kan alamar. Kusoshin babban giya kuma a ɗaure su ɗaya nan ɗaya can da sifana mai awo, domin wasan da ake bari tsakanin haƙoran giyoyin biyu, a Toyota da yawa, milimita 0.13 zuwa 0.18 ne, bai kai kaurin takarda biyu ba.

Tsofaffin makanikai da hannu suke jin kamun boris, kuma na fi yarda da hannunsu a kan bindiga nesa ba kusa ba. Sai dai hannu ba ya gaduwa da wuri, yaro kan yi shekaru kafin ya samu. Wanda ba shi da ƙaramar sifana mai awo, akwai tsohuwar dabara: a naɗa igiya a bakin farfela, a maƙala ɗan sikeli mai ƙugiya, a ja a hankali a karanta. A gwada a aksul mai lafiya irin na motar, a rubuta lambar a bangon gareji, yara su riƙa kwatantawa da ita.