Canjin yanayi da rairayin Gure: ina namu rabo?

Ƴan uwa manoma da makiyaya na ƙasar Gure, kuna jin ana maganar canjin yanayi a rediyo. Wajen taron gari kuma tambaya guda take yawan fitowa. Mutane suna cewa: in hayaƙin manyan ƙasashe ne ya ɓata sama, mu talakawa me za mu iya? Tambayar tana da kyau. Mu bi ta sannu.

Da farko, mene ne wannan hayaƙi? Duk abin da aka ƙone yana fidda wata iska da ido ba ya gani. Masana suna ce mata karbon. Gawayin ƙasa irin wanda ake haƙa a Anu Araren yana fidda ta. Esansi da gazuwal irin na matatar SORAZ, wadda aka buɗe kusa da Damagaram a 2011, su ma suna fidda ta. Iskar nan tana taruwa sama, ta lulluɓe duniya kamar bargo. Zafin rana ya shigo, amma wajen fita sai bargon ya riƙe wani sashe. Kafin zamanin manyan masana'antu, cikin ma'auni miliyan 1 na iska, 280 ne karbon. Yau ya wuce 420. Zafin duniya ya ƙaru da fiye da digiri 1. Shekara ta 2024 ta fi duk shekarun da aka auna kafin ta zafi. Aikin ɗan Adam ne ya jawo haka, masana sun tabbatar.

Wa ya fi ƙonawa? Ba mu ba ne. Afirka duka ba ta kai kashi 4 cikin 100 na hayaƙin man fetur da gawayin ƙasa ba. Abin da Ba'amurke guda yake fiddawa a shekara ya fi na ƴan Nijar 100. A birnin Paris, a 2015, ƙasashen duniya sun amince za su tsare ƙarin zafi ƙasa da digiri 2. Sun kuma yi alkawarin taimakon ƙasashe irin tamu. A ganina wannan bashi ne a kansu, ba sadaka ba. Hukumominmu su ci gaba da binsa.

Amma zafi ba ya tambayar wanda ya kunna wuta. Iska mai zafi ta fi shan laimar ƙasa, gona ta bushe da sauri bayan ruwa. Ta fi ɗaukar ruwa kuma, shi ya sa in ya tashi zuba yakan zubo gaba ɗaya. A damanar 2024 ambaliya ta kashe mutum fiye da 300 a Nijar. A farkon watan Satumba na shekarar tsohon masallacin Birni na Damagaram ya rushe, ginin ƙasa da ya haura shekara 150 a tsaye. Ruwan da ya sauko haka a bisa ƙasa tsirara ba ya shiga ciki. Gudu yake yi, ya yi zaizaya, ya kwashe taki. Gure kuwa ruwanta na shekara wajen milimetir 300 ne. Ba mu da na ɓarna.

Yanzu mu dawo ƙofar gida, ga kwaruruka. Duk wanda ya san Kilakina ko Woro, ko ya bi hanya zuwa Gudumariya da Maine Sorowa, ya san arzikin wannan ƙasa yana cikin kwari. Nan ruwa yake kusa, rijiya ba ta da zurfi. Nan dabino yake, da goruba, da rogo, da rake, da kayan lambu. Nan ake ɗibar kanwa. In hatsin jigawa ya ƙi, kwari ne yake riƙe gida har wata damana. Kewayen kowane kwari tuddan rairayi ne. Muddin akwai ciyawa da itace bisa tudu, rairayi yana kwance. In aka tuɓe shi, iskar hunturu da take busowa daga arewa maso gabas ta tura shi gaba, ya gangara cikin kwari. Ya fara rufe goruban bakin kwari, sannan lambu, sannan rijiya.

Farin 1968 zuwa 1973 da na 1984 sun kashe itace da yawa, tsofaffi suna tune. Wannan ba a hannunmu yake ba. Amma bayan fari ruwa ya ɗan dawo, tuddai da yawa kuwa ba su rufe ba. Me ya hana su? Jama'a ta ƙaru, an share sabbin gonaki har bisa tudu. Ana sassabe ana ƙone kututture. Ana kwashe kara duka bayan girbi, gona ta yi rani tsirara. Bisashe suna taruwa bakin rijiya guda, suna tattake ƙasa. Ana tumɓuke kalimbo da saiwarsa. Ba don mugunta ake yin waɗannan ba, buƙata ce, mun sani. Amma da hannu ake yinsu. Hannun kuma yana iya yin wani abin dabam.

Ga misali daga Maradi. A watan Mayu na 1984, zamanin Seyni Kunce, an yi babban taro can a kan gurgusowar hamada. A waɗannan shekaru ne manoman yankin suka kama sassaben zamani. Wani malamin gona ɗan ƙasar Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa kututturan da ake sarewa kowace bazara suna da rai, saiwarsu tana nan ƙasa. Ba sai an sayi dashe ba, ba sai an yi ban ruwa ba. Manomi ya zaɓi reshe 2 zuwa 5 mafi ƙarfi a kututture, ya sare sauran da kaifin gatari, ya bar waɗannan su tashi. Maƙwabci ya gani ya kwaikwaya. A ƙasar Maradi da kudancin Damagaram, wajen Magarya da Matamaye, an ƙiyasta gonaki hekta miliyan 5 da suka sake yin itace ta wannan hanya, itatuwa wajen miliyan 200. Ba wani furoje da ya taɓa dasa adadin nan a Nijar. Yawanci gawo ne, mai kaɗe ganye da damana, ya bar hatsi ya sha rana, ya ba gona taki, ya ba bisashe ƴaƴansa da rani. Ruwanmu bai kai nasu ba, itace zai fi jinkirin tashi a nan. Duk da haka aduwa da kandili da dakwara sun saba da ƙasarmu. Dakwara ma tana ba da ƙaro, ƙaro kuwa kuɗi ne.

Inda tudu ya riga ya tashi, sai an kafe shi. An yi wannan aiki a Gure da Maine Sorowa tare da furojen PLECO da ma'aikatan daji, mutane da yawa sun koya. Ana kafa shinge na rassan kalimbo ko na goruba, tsayinsa ya haura metir 1. Shingen ya tare gaban iska, wato ya gitta mata. Sannan a ja wasu layuka su gicciye na farko, tudu ya zama ɗaki-ɗaki. Kada a danne shingen ya toshe ƙwarai. A bar iska ta riƙa ratsawa, ƙarfinta ya karye, ta aje rairayin da ta ɗauko. A watsa kashin bisashe cikin ɗakunan, don yana ɗauke da irin ciyawa. In damana ta zauna a dasa itace. Wajen yankan kalimbo a yanki rassa kawai, a bar gindi ya tofo. Wanda ya tuɓe wani tudu don ya kafe wani bai yi kome ba.

Abin da ya fi wuya shi ne tsaro. Shinge yakan tsaya cikin kwanaki, amma awaki suna iya ɓata aikin shekara cikin yini guda. Wurin yana son hutu na wasu damanu kafin a saki bisashe. Wannan ba aikin mai lambu kaɗai ba ne. Manga da Hausawa da Fulani da Tubawa da Buzaye duk rijiyar kwari suke sha. Sai a zauna gaban mai gari da shugabannin makiyaya, a shata wurin, a bar burtali da hanyar mashaya, a sa mai gadi. Ku da kuka yi karatun yaƙi da jahilci, ga aikinku: ku rubuta abin da aka shirya, da ranar, da sunan shaidu, a aje takardar wajen mai gari.

Mata kuma, murhun laka mai rufe wuta ya fi duwatsu uku tsimin itace.

Ranar 3 ga Agusta ce sallar dashen itace a Nijar. Amma dashen Agusta ba ya kamawa bisa tudu mai tafiya, rairayi yakan binne shi ko iska ta tone saiwarsa. Shinge da rani ake kafa shi, bayan an gama aikin gona. Garin da yake son dashe bana, ya aiko wakili wajen malamin gona ko ma'aikatan daji na Gure tun yanzu, a zo a duba tudun tare, a ga ta inda iska take bugunsa.