Hannun da Inji Ya Cinye, Wa Zai Biya?

Injin da ake buga bokiti da kujerun roba da shi yana da muƙamuƙi biyu na ƙarfe, masu haɗewa da ƙarfin gaske kafin a tura narkakkiyar roba a tsakaninsu. A gabansa akwai ƙofa mai makunni, da an buɗe ta inji ya tsaya cak. Amma buɗewa da rufewa na cin lokaci, ga shi ana ƙirga wa ma'aikaci abin da ya fitar kafin a tashi, don haka a wasu wurare sai a ɗaure makunnin, a bar ƙofar a wangale. Ranar da bokiti ya maƙale, mutumin da ya kwana a tsaye ya zura hannu zai ciro shi, sai ƙarfe ya haɗe. Kafin a ankara magidanci ya rasa yatsu huɗu, ko tafin hannun ɗungurungum.

Abin da ke biyo baya sananne ne ga waɗanda suka daɗe suna aiki a unguwannin masana'antu irin su Sharaɗa da Bompai da Chalawa a Kano, ko Kakuri a Kaduna. A naɗe hannun da tsumma, a garzaya asibiti, kamfani ya biya kuɗin ɗinki da allura. In rauni ya kame sai a kira shi ofis, a yi masa sannu, a ce Allah ya kiyaye gaba, a miƙo masa ambulan tare da wata takarda ya dangwala mata yatsan da ya rage. Ba kowane kamfani ke yin haka ba, akwai masu tsoron Allah. Amma an yi shi da yawa har ma'aikata sun ɗauka iyakar abin da ke akwai ke nan, suna karɓa suna godiya.

Alhali kuwa akwai doka, kuma ta fi ambulan ɗin nesa ba kusa ba. A watan Disamba na 2010 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a kan Dokar Biyan Diyya ga Ma'aikata, aka ɗora alhakin aiwatar da ita a wuyan hukumar inshorar ma'aikata ta ƙasa, wato NSITF. Tsarin ba shi da wuyar fahimta. Duk mai ɗaukar ma'aikata, gwamnati ce ko ɗan kasuwa, zai riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya kowane wata a wani asusu na bai ɗaya. Daga aljihunsa kuɗin zai fito, doka ta haramta a zabge ko kwabo daga albashin ma'aikaci saboda wannan. Ranar da tsautsayi ya faɗa wa wani, asusun ne zai biya, kuma ba sai wanda ya ji rauni ya tabbatar da cewa sakacin kamfani ne ya jawo ba. Ya isa a ce a bakin aiki ko ta dalilin aiki abin ya same shi.

Idan nakasar ta dindindin ce kuma ta hana mutum kowane irin aiki, kamar wanda ya makance ko ya rasa hannu biyu ko jikinsa ya shanye, dokar ta ce a riƙa biyansa kashi 90 cikin 100 na albashinsa duk wata. A ɗauki wanda ke kan mafi ƙarancin albashi, naira 70,000 da aka tsayar a 2024. Abin da kamfani zai zuba dominsa naira 700 ne kacal a wata, abin da shi kuma zai riƙa samu in ya nakasa naira 63,000 ne. In nakasar ta wani sashe ce, yana iya wani aikin amma ba kamar da ba, sai a ƙiyasta abin da ya ragu daga samunsa a biya shi kashi 90 na wannan giɓin. Akwai kuma tanadin kuɗin magani, da hannu ko ƙafar roba, da koya wa mutum wata sana'ar da jikinsa zai iya ɗauka yanzu.

Wannan biya na wata-wata shi ne babban abin da ya raba sabuwar dokar da tsohuwar ta 1987. A wancan tsarin kamfani ne da kansa ke biya, a dunƙule, kuma iyakarsa albashin wata 54 ga wanda ya nakasa gaba ɗaya. Shekara huɗu da rabi ke nan. Saurayi ɗan shekara 25 da ya rasa idanunsa, kafin ya cika 30 kuɗin sun ƙare, in ma dangi da masu bin bashi sun bari sun kai haka. Kuma tunda daga aljihun mai kamfani za a zaro, duk wata hanyar zillewa sai ya neme ta. Dabarar tara kuɗin a asusu ɗaya ba sabuwa ba ce a duniya, tun 1884 Jamus ta kafa inshorar haɗarin aiki a zamanin Bismarck, bayan an ga yadda leburori ke ƙarewa a zaman kotu ba su samu komai ba.

Ni a ganina, babban abin da ke hana mutanenmu neman wannan haƙƙi ba rashin sanin doka ba ne kawai. Akwai kunya, akwai kuma wata gurguwar fahimta ta ƙaddara. Mutum ya rasa hannu, 'yan dubiya su cika ɗaki suna cewa haka Allah ya so, a yi haƙuri. Gaskiya ne, tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Sai dai addinin da ya koya mana yarda da ƙaddara shi ne kuma ya tsara diyyar gaɓoɓi dalla-dalla, har a cikin abin da aka yi bisa kuskure: hannu ɗaya rabin diyyar rai, kowane yatsa raƙumi 10, haƙori raƙumi 5. Malaman fiƙihu sun kuma yi bayanin yadda dangin wanda ya yi kuskuren ke haɗuwa su ɗauki nauyin babbar diyya, don kada ta durƙusar da mutum ɗaya. Ba a taɓa cewa wanda ya karɓi diyyar hannunsa ya rasa tawakkali ba. Me zai sa mu ga lebura da ya nemi abin da doka ta ware masa a matsayin mai butulci ga ubangidansa?

Kwanakin farko su ne masu haɗari, domin a lokacin ne mutum ke kwance cikin zogi, hankalin iyali na kan jinya, wa'adi kuma yana tafiya. Dokar ta ba ma'aikaci ko iyalinsa kwana 14 su sanar da mai kamfani abin da ya faru, da lokaci, da wuri. Shi kuma mai kamfani kwana 7 gare shi ya kai rahoto ga hukuma. Takardar neman diyyar ana so ta shiga cikin shekara 1. Don haka a cikin masu zaman jinya ya kamata a samu wanda zai rubuta sanarwar a takarda ya riƙe kwafi, ya adana katin asibiti da rahoton likita da shaidar albashi, ya kuma rubuta sunayen waɗanda ke wurin lokacin da abin ya faru. Ita kuwa takardar nan da ake sa mutum ya dangwala cewa ya yafe, dokar ta ce duk yarjejeniyar da ma'aikaci zai sarayar da diyyarsa a cikinta ba ta da wani ƙarfi. Wanda hukuncin hukumar bai gamsar da shi ba yana da damar neman a sake dubawa, daga nan kuma ya wuce Kotun Ma'aikata ta Ƙasa.

Da yawa kan ce ai su 'yan aikin wucin gadi ne, ba a ba su takardar ɗauka ba, kullum ake sallamarsu. Dokar ta ambace su da suna: mai aikin ɗan lokaci, da mai koyon sana'a, da ɗan aikin yini, har da mai aikin gida in ba ɗan gidan ba ne. Sojoji kaɗai aka cire. Haɗarin da ya samu mutum a hanyarsa tsakanin gida da wurin aiki ma yana ciki, haka cututtukan da aiki ke haifarwa a hankali, irin kurumtar da ƙarar inji ke jawowa.

Inda gizo ke saƙa shi ne aiwatarwa. Alƙaluman hukumar ƙididdiga ta ƙasa na 2023 sun nuna sama da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a Nijeriya suna ɓangaren da ba shi da rajista. Birkila da ke hawa katako a bene na uku, da yaron injin niƙa, da mai yankan katako a kasuwa, kusan dukkansu babu wanda ke zuba musu komai. Gwamnatocin jihohi da dama sun daɗe suna jan ƙafa wajen biyan nasu kason, ita kanta hukumar ba ta tsira daga zargi ba, domin a 2020 an dakatar da shugabanninta bisa tuhumar saɓa ƙa'idojin kashe kuɗi. Duk wannan yana sa masu kamfani su ce kuɗin haraji ne kawai da ba ya komawa ga kowa. Hujjar tana da ƙamshin gaskiya, amma ba ta wanke wanda ya ƙi yin rajista ba, domin ranar da inji ya cinye hannu ma'aikacinsa ne ke rasa inda zai dosa. Ƙungiyoyin ƙwadago da na 'yan kasuwa a Kano da Kaduna za su iya tambayar kowane kamfani shaidar rajistarsa da rasiɗin biyan da ya yi na ƙarshe, kuma ma'aikacin da zai shiga sabon aiki yana da damar yin wannan tambayar tun ranar da ake maganar albashi.