2.4 Gwajin Kaluluwa a Sankarar Mahaifa

Sankarar bangon mahaifa takan bayyana ne da zubar jini bayan ɗaukewar haila. Idan za ta yaɗu, takan fara sauka a kaluluwar ƙugu. A da akan cire kaluluwa da yawa lokacin tiyata, abin da kan haddasa kumburin ƙafa. Gwajin OSNA na kamfanin Sysmex na Japan, wanda aka bayyana a 2007 kan sankarar mama, yana neman alamar CK19 a kaluluwar farko cikin kimanin minti 40. Lafiyayyar kaluluwa ba ta ɗauke da wannan alama, saboda haka in babu ita akan bar sauran. Ke nan wajibi ne macen Barkiya da ta ga irin wannan jini ta gaggauta zuwa asibitin Kurfi ko Dutsin-Ma, tun cutar ba ta yi nisa ba.